Tukunyar talaka a birnin Atens: Yadda za ka ƙoshi da araha ba tare da ka cuci jikinka ba

A wannan mako za mu tsallaka teku zuwa Atens, babban birnin ƙasar Girka, mu leƙa tukwanen talakawansu. Akwai 'yan Najeriya da dama a wannan birni, musamman a unguwannin Kipseli da Patisiya. Shahararren ɗan ƙwallon kwandon nan ma, Giannis Antetokounmpo, a can aka haife shi a 1994, iyayensa daga Legas suka je, kuma ya yi tallar agogo da tabarau a titi kafin duniya ta san shi. Don haka ba abin mamaki ba ne wani daga cikinku ya wayi gari a can, ko don karatu, ko fatauci, ko ziyarar dangi.

Duk wanda ya canza naira zuwa Yuro ya san cewa kowace loma tana da lissafi. A nan ne baƙo yake faɗawa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya zauna a gidan abincin 'yan yawon buɗe ido ya ƙarar da guzurin mako guda a kwana biyu, ko kuma ya tsorata ya koma rayuwa a kan burodi da soyayyen dankali da lemon kwalba da taliyar leda, bayan wata uku ga tumbi, ga taurin bayan gida, ga jini yana hawa. Hausawa na cewa araha ba ta ado, to amma a Atens abinci mafi araha shi ne ma ya fi gina jiki. Abin da ake bukata shi ne ka san ƙofar da za ka shiga, da lokacin da za ka shiga, da abin da za ka tambaya.

Bukar Girkawa

Wurin da za ka nema sunansa magiriyo, wato gidan girki. Idan ka taɓa cin abinci a buka a Agege ko Sabon Ibadan, ba sai an koya maka tsarinsa ba. Tun da sassafe ake ɗora tukwane, kafin azahar an jera manyan farantai a bayan gilashi, kai kuma ka matsa ka nuna da yatsa. Ba ka bukatar yaren Girka, ba ka bukatar takardar jerin abinci. Masu cin abinci a nan su ne leburori da direbobi da ma'aikatan ofis da tsofaffi 'yan fansho, kuma kwanon wake ko na ganye yawanci bai kai Yuro 10 ba, ƙasa da kuɗin kwanon nama a wuri guda.

Irin waɗannan wurare ba sa rasuwa a kewayen babbar kasuwar birnin, Barbakiyos, da ke kan titin Atinas tsakanin dandalin Omoniya da Monastiraki. Tun 1886 kasuwar take aiki, ɓangaren nama daban, na kifi daban, kayan miya kuma a tsallaken titi, kusa da titin Ebripidu na masu kayan ƙamshi. A cikin ɓangaren mahauta akwai gidajen da suka yi suna da patsas, farfesun tumbi da ƙafa da ake zuba wa tafarnuwa da ruwan tsami. A kusa da nan ne kuma Diporto yake, wani tsohon gidan abinci a ƙarƙashin ƙasa, ba allo a ƙofa, ba jerin abinci, abin da aka dafa ranar shi za a ajiye maka. Sunan nasa na nufin mai ƙofa biyu. Idan ka sauka, ka sani akan kawo giya tare da abincin a matsayin al'ada, sai ka ce ruwa kawai kake so.

Ka guji titunan Plaka da ke gindin tsaunin Akropolis, inda wani yake tsaye a ƙofa yana kiran ka da hotunan abinci a hannu. Kuɗin kallon tsauni ne ake ɗora maka a kan faranti. Shiga jirgin ƙasa na cikin gari, tikiti ɗaya yana aiki minti 90 har da bas, ka sauka a Petralona ko Nea Iyoniya ko Piriyas, ko ka hau bas zuwa Pangrati ko Kesariyani. Inda ka ga dattijo shi kaɗai da kwanon wake da jarida, ka zo gida.

Me ke cikin tukunyar?

Girkawa suna da rukunin abinci da suke kira ladera, ma'ana na mai. Kayan lambu ne ake dafawa a hankali da albasa da tumatir da man zaitun har ruwan ya tsotse, mai ya taso. A gare su wannan shi ne abincin, da burodi da ɗan cuku a gefe, ba a jiran nama.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawan abin da ka sani a cikin waɗannan farantai. Bamiyes kuɓewa ce, sunan ma ɗan'uwan bamiya na Larabci ne, sai dai su sukan jiƙa ta da ruwan tsami kafin a dafa don kada ta yi yauƙi, a dafa ta ɗai-ɗai ba a yanka ba. Mabromatika, wato mai baƙin ido, farin wakenmu ne, wanda asalinsa daga Afirka ta Yamma ne kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi. Sukan dafa shi da ganye, ko su yi kwaɗonsa da albasa da mai. Horta dafaffen ganye ne da ake matsa wa lemon tsami a zuba mai, kuma wanda ake samu da zafi, blita, ɗan gidan alayyafo ne. Duk wanda ya saba da kwaɗon zogale ko rama ba zai yi baƙunta ba.

Sai fasolada, miyar farin wake da karas da tumatir, wadda da yawa ke kira abincin ƙasa. Sai fakes, miyar adas irin wadda alhazai suka sani a Saudiyya. Sai yigandes, manya-manyan wake da ake gasawa a tanda cikin tumatir. Sai spanakorizo, shinkafa da alayyafon Turawa a tukunya ɗaya, ganyen ya fi shinkafar yawa. Sai yemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa. Sai briyam, dankali da gauta da kabewar Turawa a gasa. Kifi kuma, nemi ƙanana, gabros da sardeles, waɗanda ake sayarwa da faranti. Manyan kifaye da kilo ake auna su, kuma a nan ne kuɗin baƙo yake zurarewa. Ƙananan kifayen sun fi araha, suna da man omega-3 mai amfani ga zuciya, kuma ba sa tara sinadarin makuri kamar manyan da ke cin 'yan'uwansu.

Talauci da azumi ne suka gina wannan girki. Ƙasar duwatsu ce, nama na ranar biki ne. Bayan yaƙin 1922 da musayar jama'a da Turkiyya a 1923, 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya suka kwararo daga Anatoliya, suka kafa unguwanni irin su Nea Iyoniya da Nea Smirni da Kesariyani, suka zo da salon girkinsu. A hunturun 1941 zuwa 1942, lokacin mamayar Jamus, yunwa ta kashe dubban mutane a titunan Atens. Daga 2010 kuma rikicin bashi ya zo, har rashin aikin yi ya kai kusan kashi 27 cikin 100 a 2013. Mutanen da suka ga irin wannan ba sa raina kwanon wake.

Abin da likitoci suka gano

A 1958 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya fara binciken da aka sani da Binciken Ƙasashe Bakwai, inda aka bi maza masu shekara 40 zuwa 59 a Amurka da Finland da Holan da Italiya da Yugoslabiya da Girka da Japan. A tsibirin Kirit na Girka an bi maza 686, aka tarar suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi ƙarancin kashewa, alhali kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin abincinsu daga mai yake, galibinsa man zaitun. Wake da ganye da burodin gari mai dusa da 'ya'yan itace su ne abincinsu na kullum. A tuna kuma manoma ne masu hawa da sauka a duwatsu da ƙafa, don haka ba tukunya kaɗai ta yi aikin ba.

A 2003 Farfesa Antonia Trichopoulou ta Jami'ar Atens da abokan aikinta suka wallafa binciken mutum fiye da 22,000 a Girka, wanda ya nuna cewa waɗanda suka fi riƙo da wannan tsohon tsarin cin abinci sun fi ƙarancin mutuwa daga ciwon zuciya da kansa. A 2010 hukumar UNESCO ta sa tsarin abincin yankin Bahar Rum cikin kayan gadon ɗan Adam.

Wake da adas suna da furotin da ƙarfe da dusa mai yawa, suna narkewa a hankali, sukari ba ya tashi farat ɗaya, kuma mutum yana daɗewa bai ji yunwa ba. Lemon tsamin da ake matsawa a kai yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Abin takaici, Girkawan yau da yawa sun juya wa wannan baya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa Girka cikin ƙasashen Turai da ƙiba ta fi yawa a tsakanin yara 'yan firamare. Saboda haka kada ka kwaikwayi matashin da ke tafe da naɗin nama da dankali a hannu. Kwaikwayi kakarsa.

Hattara da abincin tsaye

Abincin titi da ya fi shahara shi ne sublaki, tsiren nama, da yiros, naman da ke juyawa a tsaye kamar shawarma, a naɗe a burodin pita da soyayyen dankali da miyar kindirmo da tafarnuwa. Ga araha, ga ƙamshi. Amma a Girka idan aka ce sublaki ko yiros ba a ƙara komai ba, naman alade ake nufi. Riƙe waɗannan kalmomi kamar lambar wayarka: hirino alade ne, kotopulo kaza, moshari naman sa, arni na tunkiya, horis kuma na nufin ban da. Niƙaƙƙen nama a ƙwallayen keftedes ko bifteki sau da yawa haɗin sa da alade ne. A wasu gidajen akan jefa yankan tsiran alade, lukaniko, cikin wake. Naman miya irin su stifado da kokinisto kuma akan dafa su da giyar inabi, sunanta krasi. Ko kazar ma, a kan ƙarfe ɗaya ake gasa ta da sauran, kuma yankanta ba lalle ne ya zama irin wanda ka yarda da shi ba. Mai son naman halal ya nufi titunan da ke bayan Omoniya, kamar Menandru da Sofokleus, ko titin Aharnon, inda 'yan Pakistan da Bangladesh da Larabawa ke da mahauta da gidajen abinci.

Akwai kalma ɗaya da za ta sauƙaƙa maka rayuwa: nistisimo, wato abincin azumi. Mabiya cocin Otodoks suna ƙaurace wa nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a, da makonni bakwai kafin Ista, da kwana 40 kafin Kirsimeti daga 15 ga Nuwamba, da makonni biyu na farkon Agusta. Idan aka haɗa, kusan rabin shekara ne. Shi ya sa kowane mai dafa abinci ya san kalmar. Ka nuna faranti ka ce "Nistisimo?" Idan ya ce "ne", to e yake nufi, kada kunnenka ya yaudare ka. A'a kuma "ohi" ne. Abu ɗaya da zai rage ka tambaya shi ne ko an sa krasi, musamman a abincin teku irin dorinar ruwa. Matambayi ba ya ɓata.

Na karin kumallo kuwa akwai kuluri, zagayayyen burodi mai riɗi da ake sayarwa a bakin tashoshi, bai cika wuce Yuro 1 ba. Akwai spanakopita mai ganye da cuku, da tiropita mai cuku zalla, da bugatsa mai zaƙi da kirfa. Suna da daɗi, amma gari ne da mai, ba na kowace safiya ba ne. Idan za ka sayi kofi ka ce sketo, ba sukari ke nan. In ka yi shiru za a tambaye ka ko metriyo, matsakaici, ko gliko, mai zaƙi sosai.

Masu lalura su kula

Mai hawan jini ya lura da gishiri. Cukun feta a ruwan gishiri ake ajiye shi, zaitun ma haka, ga kuma gishirin burodi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ɗauki rabin cukun ka bar wa na kusa da kai sauran, kuma kada ka ƙara gishirin tebur.

Mai ciwon sukari ya lura da haɗuwar shinkafa da dankali da burodi a zama ɗaya, kamar yadda yake faruwa da yemista. Zaɓi wake ko adas ko kuɓewa, da yanka ɗaya na burodi. Mai neman rage ƙiba ya tuna cewa man zaitun, duk amfaninsa, babban cokali ɗaya yana da kalori kusan 120, kuma Girkawa ba sa aunawa. Ba dole ne ka suɗe man da ya kwanta a gindin kwano da burodi ba.

Gargaɗi mafi muhimmanci ga iyaye shi ne na wani wake mai faɗi da ake kira kukiya, irin wanda Misirawa ke yin ful da shi. Akwai lalurar gado ta ƙarancin sinadarin G6PD a jajayen ƙwayoyin jini, ta fi bayyana a maza, kuma tana da yawa a Najeriya da Girka duka, domin ta bi yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe. Mai wannan lalura idan ya ci kukiya, jininsa na iya farfashewa cikin kwana ɗaya ko biyu: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, jiki ya mutu, numfashi ya yi sama-sama. Nau'in da ke Afirka bai kai na Bahar Rum tsanani ba, amma abin yana faruwa, musamman ga yara. Da bazara ake yawan dafa wannan wake. Idan an taɓa gaya maka kai ko ɗanka yana da lalurar, ko jariri ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa ba a gano dalili ba, a yi gwaji kafin tafiya. Idan alamun suka bayyana, asibiti kai tsaye, lambar gaggawa 112. Wani abin ruɗarwa shi ne abincin da Girkawa ke kira faba, mai kama da alala mai laushi, da wani ƙaramin wake rawaya ake yin sa, ba da kukiya ba. Duk da haka mai lalurar ya tambaya kafin ya ci.

Lokaci da lissafi

Girkawa suna cin abincin rana wajen ƙarfe 2 zuwa 3, na dare kuma daga ƙarfe 9. Kai ka isa magiriyo tsakanin 1 da 2, lokacin farantai cike suke. Su sun fi son ladera da ɗumi-ɗumi, ba da tururi ba, don haka kada ka ɗauka an raina ka. Amma a watan Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40, kuma abin da ya yini a faranti har dare, musamman shinkafa ko kaza, a bar shi. Idan za ka tafi da shi gida, ka ce paketo, ka sa a firji cikin awa biyu, ka ɗumama sosai kafin a ci.

Ruwan famfon Atens yana da kyau, daga madatsun Mornos da Ebinos yake zuwa, kuma za ka iya neman a kawo maka shi a tulu kyauta maimakon na gora. Burodin da ake ajiyewa a tebur ana caje shi, in ba ka so ka mayar tun farko. Alamar tauraro a gefen sunan kifi ko nama na nufin daskararre ne. Ka karɓi rasit, domin doka ta ce ba dole ne ka biya ba idan ba a ba ka ba, kuma za ka ga an rubuta haka a bango.

Uwargida, idan da iyali kuka je, ku yi yadda masu gari ke yi, a ajiye komai a tsakiya. Mutum huɗu za su ƙoshi da kwanon wake ɗaya, ladera ɗaya, farantin ƙananan kifi, horta da burodi. Idan kuna da wurin girki, kowace unguwa tana da laiki, kasuwar titi ta mako-mako da aka kafa tsarinta tun 1929, inda manoma ke baje kaya daga safe. Ki je bayan ƙarfe 1, lokacin da ake shirin tashi, za ki ji masu kaya suna karya farashi da ihu kamar yammacin Mile 12.

Wanda ba shi da niyyar zuwa Girka ma yana da rabo a nan. Wake da kuɓewa da alayyafo da gauta da lemon tsami duk suna kasuwarmu, kuma man gyaɗa mai kyau yana da kaso mai yawa na irin kitsen da ake yaba wa man zaitun saboda shi. Gwada ware kwana biyu a mako, wake da ganye su zama su ne abincin gidan, a rage dunƙulen ɗanɗano da gishiri, a matsa lemon tsami a kai, a ga yadda cefane da awon jini za su kasance bayan wata biyu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.